Ɗauki-ɗora: Darasin da manyan jam'iyya suka ƙi koyo a Kano

Duk wanda ya saba zama a dandalin ƙauye bayan La'asar a ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Bichi ko Tsanyawa, ya san ƙorafin da ke bakin manoma da zarar an kaɗa gangar siyasa. Ƙorafin kuwa shi ne, su ke da bin layi cikin rana, amma wasu 'yan tsiraru a birni ko Abuja ke yanke wanda za a bi wa layin.

Nan ƙasa ce da gona ke jingine da gona, babu saura, rabon gado ya mai da gonaki kamar tafin hannu. Mai irin wannan gona in bai sami taki ba, geronsa ba zai kai shi bazara ba. Saboda haka damuwarsa ita ce taki, da ruwan noman rani daga madatsun Tomas da Watari, da hanyar kai amfani kasuwar Dawanau. Su kuwa iyayen jam'iyya, abin da ke hana su barci shi ne wa zai gaji kujera, wa zai rufa musu asiri bayan sun sauka. To ina aka haɗu?

Wannan ba sabon ciwo ba ne. A 1979 talakawan Kano suka yi wa PRP ruwan ƙuri'u, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Ba a rufa shekara biyu ba manya suka raba jam'iyyar gida biyu, Santsi da Taɓo, ba tare da an tambayi mutumin ƙauye ba. Gabar ta shiga gidaje, wa da ƙane suka daina gaisawa.

Wannan tsohuwar gaba ce ta sake tashi a SDP a 1991, wajen tsai da ɗan takarar gwamna. Aka wayi gari SDP na da rinjaye a majalisar dokokin jiha, amma kujerar gwamna ta tafi hannun Kabiru Gaya na NRC. Magoya bayan da aka ɓata wa rai su suka yi wannan aiki.

Mafi ban mamaki shi ne na 2011. A zaɓen shugaban ƙasa Janar Buhari ya sami ƙuri'a sama da miliyan 1.6 a Kano a ƙarƙashin CPC. Amma takarar gwamna ta zama abin jayayya: Muhammad Abacha na cewa shi ya ci zaɓen fid da gwani, uwar jam'iyya kuma ta tsaya a kan Lawal Jafaru Isa, aka yi ta kai-kawo a kotu. Kwana 10 kacal bayan wancan ruwan ƙuri'u, ɗan takarar CPC bai sami ko 200,000 ba, Kwankwaso na PDP ya koma gidan gwamnati. Akwatunan ba su canza ba, mutanen ma su ne.

Ashe ke nan ƙuri'ar talaka ba gadon kowa ba ce. Ana iya sayen daliget a ɗakin otal, a fito a ce wai an yi maslaha, amma ana iya kai doki rafi ne, ba a iya tilasta masa shan ruwa. Shugabanci amana ne, kuma shugaban da ya raina shawarar mabiyansa ya ci amanar tun kafin a je akwati.

Sai dai laifi tudu ne. Wanda ya karɓi taliya da sabulu ranar zaɓe ya riga ya sayar da bakin da zai nemi taki da shi. Abin takaici kuma, matasa ne ake mayarwa karnukan farauta, a ba su ƙwaya da gora su fasa kan ɗan maƙwabci, alhali 'ya'yan mai gidan na karatu a ƙasashen waje. Bayan zaɓe manyan su shirya, su haɗu a ɗaurin auren 'ya'yansu, a bar yaro da tabo da zaman kotu.

Don haka ya kamata matashi ya san ciwon kansa. Girmama manya wajibi ne, amma bin su ido rufe ba ya cikin ladabi. In yana da jam'iyya, ya halarci taron mazaɓarsa, ya tambaya cikin mutunci yadda aka fitar da ɗan takara da abin da ya taɓa tsinana wa jama'a. In an ɗora wanda bai cancanta ba, ya hana shi ƙuri'arsa, ya koma gonarsa ba tare da zagi ko ɗaukar makami ba. Zumuncin da ke tsakaninsa da maƙwabcin gona ya girmi kowace jam'iyya, kuma zai daɗe bayan ta mutu, kamar yadda SDP, NRC da CPC suka mutu.

Allah Ya ba al'umma shugabanni masu tsoronSa, Ya kuma kare matasa daga zama itacen hura wutar wasu.