Siririn Harafi da Ƙugiyar Hausa

Masu buga alluna da takardun sanarwa, daga Wudil har Kausani, sun raja'a kan siririn harafi maras ado, irin Arial Narrow na kamfanin Monotype. Hujjarsu tana da tushe: yana cusa kalmomi da dama a ɗan fili, ga takarda ta yi tsada. To amma fa don harsunan Turai aka zana shi. Da zarar an matse harafi, ƙugiyar ƙ, ɗ da ɓ, wadda boko ya samu tun shekarun 1930, ita ke fara shaƙewa. Sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta zama kafa. Alhali Noto Sans na Google yana da siririn samfuri mai cikakkiyar ƙugiya, kyauta. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano ta wajabta irinsa a kwangilar buga littattafan firamare.