Zuwa ga masu rubuta manhajar waya: ku gangaro bakin tafkin Kainji



Ina jin gardamarku kan Flutter na Google da React Native da Facebook ya fitar a 2015: wanne ya fi sauri, wanne ya fi kawo kwangila. Ku koyi wanda ya kwanta muku, duka biyun suna aiki. Abin da nake roƙo shi ne ku fara sanin wayar da za ku yi wa aiki.

Daga Yelwa zuwa Shanga har Wara ta Ngaski, Tecno da itel da Infinix ne a hannun jama'a, duk na kamfani ɗaya, Transsion na ƙasar Sin. iPhone sai jefi-jefi. Ku dubi wayar dillalin albasa a kasuwar Yauri: gilashi a tsage, ciki maƙil da wa'azi da fina-finai, kafin ya sa sabuwar manhaja sai ya goge wani abu. Da safe wayar tana wurin mai caji. Bai riƙe lambar sirrin imel ba, yaron shago ne ya buɗe masa, shi ne kuma zai tura masa manhajarku ta Xender. To, ku rage mata nauyi, ku bar shi ya shiga da lambar waya kawai, ku gwada ta a kan Android Go, wanda Google ya fitar a 2017 domin irin waɗannan wayoyi. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane hoto da kuka cusa babu dalili daga aljihunsa yake fita.

A tsakiyar ruwa sabis yakan ɗauke. Manhaja ta adana abin da aka shigar, ta aika idan an kusa gaɓa. Hannun masunci a jiƙe yake, rana tana dukan gilashi, don haka madannai su zama manya. Ku ba murya muhimmanci: Hausa ce harshen kasuwa, amma a gida Gunganci da Kambarci ake yi, kuma akwai dattawan da ajami ya fi musu boko sauƙi. Mai ƙaramar waya ma ku kai masa ta USSD ko saƙon tes.

Abin da ya fi damuna shi ne jiragen ruwa. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ya nutse, mutane da dama suka rasu, aka yi ta saɓani kan adadin waɗanda ke ciki. Rajistar fasinja a tasha aiki ne da ɗalibi zai iya rubutawa: suna, gari, lambar ɗan'uwa, da gargaɗi idan lodi ya wuce ƙima. Ku haɗa da saƙon iska daga hasashen hukumar yanayi ta NiMet, da taswirar kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968. Matuƙa sun san wuraren nan da ka, babu mai ba ku su daga ofis.

Saboda haka ku je ku gaida sarkin ruwa, ku zauna da ƙungiyar masu jirage, ku tambayi wanda zai riƙe wayar a tasha da wanda zai biya data. Cibiyar NIFFR da ke New Bussa ta daɗe tana nazarin kifin tafkin, ku nemi masananta kafin ku taɓa batun kamun kifin wargi da ƙarfasa.

Wassalam,
Yayanku daga Yauri