Filin Sanin Aiki: Gyaran tsohuwar kat-kat don hanyar rairayi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata maganarmu kan motar daji take, wadda ake kira kat-kat saboda ƙafafunta huɗu duka suna ja.

Daga Maraɗi zuwa Dakoro, ta Kornaka, akwai kwalta. Amma in ka nufi arewa, ka ratsa kwarin Tarka zuwa Bermo ko Gadabeji, sai rairayi da tuddai. Nan kat-kat ce sarauniya. Da can Land Rover ta Ingila muka sani, wadda aka fara ƙerawa a 1948. Tsohon samfurinta an bar yin shi a 2016. Yanzu Toyota ta Japan ta fi yawa, Land Cruiser da Hilux. Kusan duka tsofaffi ake sayo su, sun ci ƙuruciyarsu a wata ƙasa.

In mutum ko ƙungiya suka sayi irin wannan mota, abu na farko da ake yi shi ne a kai ta wurin makaniki ya ƙara mata lam. Lam su ne dogayen ƙarafan nan da aka jera bisa juna a ƙarƙashin mota, su ke tallabe kaya. A ƙara biyu ko uku, a kuma yi mata walda da dogayen ƙarafa a baya don a loda har sama. Sai mota ta miƙe, mai ita ya ji daɗi.

To, nan ne nake da magana. Irin wannan mota mai buɗaɗɗen baya, nauyin da aka yi ta dominsa bai wuce wajen tan ɗaya ba, wato buhun hatsi 10 mai kilo 100. Mutanen da ke ciki ma a lissafin suke. In ka ƙara lam, lam kaɗai ka ƙara wa ƙarfi. Birki yana nan yadda yake. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya yana nan yadda yake. Taya ma haka. Abin da ya sake kawai shi ne mota ba ta nuna maka ta gaji, don ba ta durƙusa ba.

Kuma kaya in ya yi tsawo, nauyi ya koma sama. Ku dubi raƙumin da aka yi wa lodi mai tsini: ƙaramin gangare ya isa ya karkata shi. Mota a gefen tudun rairayi haka take. In ta kife, waɗanda ke zaune bisa buhuna su ke fara sauka, buhunan su bi su. Saboda haka abu mai nauyi ƙasa, mai sauƙi sama. Shasin da ya tsage aka toshe da walda da fenti kuwa, ku leƙa ƙasa ku duba shi tun kafin ku biya kuɗi.

Gyaran da rairayi ke so bai da tsada. A rage iskar taya, daga kamar kilo 3 zuwa kilo 1 da rabi. Taya ta baje kamar tafin raƙumi, ta bar nitsewa. Amma a tafi sannu, kuma in an hau kwalta a mayar da iska, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Don haka famfo ya zama dole, tare da shebur, da faifan ƙarfe biyu na shimfiɗawa gaban taya, da jarkar ruwa. A kwalta kuma a cire jan ƙafa huɗu, don yana cin ƙarafan ciki.

Ƙura ita ke kashe inji a ƙasarmu. Lokacin hunturu a riƙa cire matatar iska ana kakkaɓewa. Bututun shan iska da ake ɗagawa gefen gilashi yana da amfani, don ƙurar sama ba ta kai ta ƙasa ba.

Makiyaya, ga naku. Bayan damina busasshiyar ciyawa tana maƙalewa a ƙarƙashin mota kusa da bututun hayaƙi. Bututun yana da zafi ƙwarai. Ciyawar na iya kamawa da wuta, ta faɗi cikin daji, abincin dabbobi na rani ya tafi a yini ɗaya. In mota ta tsaya bakin rijiyarku, ku ce wa direba ya duƙa ya cire ciyawar. Ba rashin kunya ba ne.

Ku da kuka iya lamba, ku dubi jikin taya kafin ku shiga. Akwai lamba huɗu a jere cikin ɗan zobe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, an yi tayar a sati na 23 na 2015. Tayar da ta kai shekara 10, ko zanenta bai goge ba, robarta ta bushe.

Wata mai zuwa za mu duba amalanken shanu da yadda ake daidaita masa kaya.