Ba furen genda ne ya cinye kuɗin ba

Wani marubuci ya shawarci iyayen amare a Indiya su daina sayen ɗanyen fure su koma na roba, wai ta nan za a rage tsadar ƙawata wurin biki. Malam, ka bar jaki kana dukan taiki.

Furen genda mai ruwan ɗorawa, wanda ake jerawa a zare a rataya jikin ginshiƙai huɗu na mandap, rumfar da ango da amarya ke kewaya wuta a cikinta, yana cikin mafi arha a kasuwar Ghazipur ta Delhi da ta Dadar a Mumbai. Da kilo ake auna shi tun kafin asuba, kuma ƙananan manoma ke ci da shi. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne furannin da jirgi ke saukewa daga Tailan, da hayar fitilu, da sabon dandamali kullum: na lalle daban, na shafa kurkum daban, na daren rawa daban. Dandamali ɗaya ya ishi dukkansu, a sauya masa yadi kawai.

Ko a Pakistan, dokar bukukuwan aure ta Punjab ta 2016 ƙawata tituna da fitilu ta hana, ba ta taɓa fure ba.