Mai Sassarfa Ya Gajarta Takunsa

Duk wanda ya bi manyan titunan Kano ko Kaduna bayan sallar asuba zai tarar da ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda likita ya hore su da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari, suna sassarfa a kan kwalta da kyakkyawar niyya. Sai dai niyya, duk da falalarta, ba ta hana gwiwa ciwo, har ka ga mutum ya jingine takalmi yana cewa tsufa ne, alhali kuwa takunsa ne ke da illa.

Galibi asalin mas'alar shi ne jefa ƙafa can gaba da jiki, diddige ya daki ƙasa gwiwa tana miƙe, ta yadda kowane taku zai zama birki, nauyinsa kuma ya tattaru a gwiwa da kwatangwalo. Masana a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun nuna a 2011 cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, ba tare da ƙara sauri ba, yana sauƙaƙa wa gwiwa. A Hong Kong kuma, a wani bincike da aka wallafa a 2018, an koya wa kusan rabin sababbin masu gudu 320 sassauta dirarsu cikin mako biyu, bayan shekara aka samu rauni ya ragu musu da kashi 62.

Abin da nake inkari a kansa shi ne taƙlidi, wato mutum ya ji Abebe Bikila na Habasha ya cinye tseren dogon zango a Rum a 1960 ba takalmi, sai ya wayi gari yana dira a kan yatsu, ya manta cewa wancan ƙafarsa ta saba tun ƙuruciya, kuma nauyin da aka ɗauke wa gwiwa ba ɓacewa yake yi ba, komawa yake kan agara da sharaɓa da idon sawu.

Fatawata dai, in an yarda wanda ba likita ba ya yi fatawa, wanda gudunsa bai taɓa cutar da shi ba ya bar takunsa yadda Allah ya hore masa; wanda gwiwa ke damu kuwa ya gajarta taku, ya dira a hankali, ya ɗauki makonni yana sabawa, in ciwon ya ƙi tafiya ya je asibiti a duba shi.