Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Waiwaye Kan Wasannin Kasada Na Da

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To mu kam a wannan makon bara za mu tuna, kuma bara mai nisa, domin za mu yi magana ne a kan wasannin kwamfuta da aka yi tun kafin a haife mu, waɗanda har yau wasunmu ke zama su buga a ɗakin kwanan ɗalibai bayan an tashi daga lacca.

Mu da muke kusan shekara ashirin mun tarar da wutsiyar wannan zamani ne kawai. Mun ga kaset ɗin nan na gem da ake rubuta masa wasanni dubbai a jiki, alhali idan aka kunna ba su fi goma ba. Mun ga tsohuwar kwamfutar yayyenmu mai ƙaton ƙeya, da ƙananan wayoyin Nokia da ake yi wa layi don a buga Prince of Persia. Abin da ba mu sani ba a lokacin shi ne, waɗannan wasanni suna da kakanni, kuma kakannin sun fi jikokin sa mutum tunani.

Idan muka ce wasan kasada, muna nufin wasan da labari ne ƙashin bayansa. Ana ba ka wani mutum, a jefa shi cikin matsala, kai kuma ka fitar da shi. Za ka yi yawo, ka yi magana da mutane, ka tsinci kaya ka zuba a aljihu, ka gano inda kowanne zai yi amfani. Saurin yatsa ba ya taimako sosai a nan. Lura da haƙuri su ne jari.

Na farkonsu shi ne Colossal Cave Adventure, wanda wani masanin kwamfuta a Amurka mai suna Will Crowther ya rubuta a wajajen 1976. Shi mutum ne mai sha'awar shiga kogunan ƙarƙashin ƙasa, sai ya ɗauki taswirar wani ɓangare na kogon Mammoth da ke jihar Kentucky ya mayar da ita wasa, don 'ya'yansa mata su samu abin bugawa. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta za ta rubuta maka inda kake, kai kuma ka rubuta mata umarni da kalma ɗaya ko biyu, kamar ɗauki fitila ko tafi arewa. A 1977 wani ɗalibi mai suna Don Woods ya faɗaɗa shi, daga nan ya bazu a jami'o'i. Ku duba fa, ɗalibi ne irinmu.

Hoto ya shigo a 1980, lokacin da Roberta Williams da mijinta Ken suka fitar da Mystery House, sannan King's Quest a 1984. Daga baya kamfanin Lucasfilm ya kawo sauƙi: maimakon ka yi ta rubutu kana neman kalmar da kwamfuta za ta gane, sai ka nuna abu a fuskar kwamfuta ka danna. Da wannan tsari aka yi Maniac Mansion a 1987 da The Secret of Monkey Island a 1990. Myst kuma, wanda ya fito a 1993, ya riƙe kambin wasan kwamfuta da aka fi saye har zuwa 2002.

Bari mu ɗan tsaya a kan Monkey Island, domin shi ne ya fi shiga ranmu. Saurayi ne mai suna Guybrush ya iso wani tsibiri yana son ya zama ɗan fashin teku, aka gindaya masa gwaji uku. Ɗaya daga ciki faɗan takobi ne, amma faɗan da baki ake cin sa. Abokin karawarka zai yi maka baƙar magana, kai kuma ka zaɓi amsar da ta dace da ita. Idan ba ka san amsar ba, ka sha kashi, amma ka tafi da sabuwar magana a bakinka da za ka gwada a kan wani, har ka ji yadda ake mayar da ita. Wato faɗuwar ita ce makarantar. Duk wanda ya taɓa zama wajen wasan tobasai ko na jika da kaka zai gane daɗin wannan nan take. A cikin wasan akwai kazar roba mai ɗan gargare a tsakiya, wadda za ka daɗe kana yawo da ita kana ganin shirme ce, sai ranar da ka iso bakin ruwa ka ga igiya an ɗaure daga wannan gaɓa zuwa waccan. Daɗin da ake ji a wannan lokaci, idan abu ya faɗo maka a kai ba tare da kowa ya gaya maka ba, shi ne abin da muke kewa.

Gaskiya ɗaya ce, tsofaffin nan suna da nasu aibin. A King's Quest na biyar akwai inda kyanwa ke koro ɓera. Idan ba ka jefi kyanwar ka ceci ɓeran ba, wasan ba zai ce maka komai ba, sai can gaba an ɗaure ka a wani ɗaki, babu ɓeran da zai zo ya ciji igiyar. Shi ke nan, sai ka koma baya. Darasin kamar na tatsuniya ne, alheri danƙo ne, amma hukuncin ya yi tsauri. Haka kuma hotunan za su yi muku kama da zanen ɗan firamare a ranar farko, kuma Turancin wasu yana da nauyi.

To me ya sa muke komawa gare su, ga wayoyi cike da sababbi? Dalili na farko, suna da ƙarshe. Yawancin wasannin waya na yau an gina su ne don kada ka taɓa gamawa: talla bayan kowane mataki, kyautar da za ta wuce ka idan ba ka shiga yau ba, sai kuma a ce ka saya da kuɗi. Wasu tallace-tallacen ma na caca ne, kuma mun ga yadda suke jan abokanmu. Tsohon wasan kasada kamar littafi yake, ka fara, ka gama, ka rufe. Na biyu, ba sa cin data. Faifan da ake sayar da su a ciki a da megabait 1.44 kawai yake ɗauka, bai kai girman hoto ɗaya da wayar yau ke ɗauka ba. Na uku, karatu suke sa ka. Ba za ka wuce mataki ba sai ka fahimci abin da aka faɗa maka, kuma wannan ita ce ƙwarewar da ake nema a jarrabawar Turanci ta WAEC da NECO, inda ake ba ka rubutu a ce ka ciro amsa daga ciki.

Akwai kuma abin damuwa. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a sayar da su yanzu. Faifai na lalacewa, kamfanoni na rushewa, na'urorin da ke karanta su na ƙarewa. Waɗanda suka tsira, masu sa kai ne suka cece su.

Ga mai son gwadawa, hanya mafi sauƙi ita ce manhajar ScummVM, wadda masu sa kai suka fara a 2001. Kyauta ce, tana aiki a kwamfuta da wayar Android. Ita ba wasa ba ce, inji ce da ke kunna tsofaffin wasanni a sababbin na'urori. A shafinta akwai wasannin da masu su suka saki kyauta da yardarsu, irin su Beneath a Steel Sky na 1994 da Flight of the Amazon Queen. Ku fara da waɗannan. Akwai kuma DOSBox ga masu kwamfuta, sannan rumbun Internet Archive yana da dubban tsofaffin wasanni da ake bugawa kai tsaye a shafinsa. Ku guji shafukan da ke cika ku da maɓallan saukewa kala-kala, domin ta nan ake kwaso cutar da ke lalata waya ko sace bayanai.

Idan kun fara, ku ajiye biro da takarda kusa, ku riƙa zana taswira kuna rubuta abin da aka gaya muku. Ku buga ku biyu ko uku, domin abin da ya shige wa wani duhu, wani zai hango. Idan kun maƙale, kada ku garzaya intanet neman amsa. Ku rufe, ku kwana a kai, sau da yawa da safe ƙullin ke kwancewa. Wasan zai jira ku a inda kuka bar shi ko bayan wata guda ne, saboda haka babu hujjar barin aikin gida ko karatun jarrabawa dominsa. Ƙarshen mako da lokacin hutu sun isa.

Wani tunani kuma da ke yawan zo mana shi ne, labaran Gizo da Ƙoƙi cike suke da irin wannan dabara: mai ƙaramin ƙarfi ya shiga tsaka mai wuya, ya fita da wayo. Akwai manhaja kyauta mai suna Twine da ake rubuta labari mai rassa da ita ba tare da sanin ilimin kwamfuta mai zurfi ba, kuma tana karɓar Hausa kamar kowane rubutu. Wanda ya gwada mayar da tatsuniya ɗaya wasa a wannan hutun, ya aiko mana ta adireshin wannan fili, mu kuma mun yi alkawarin bugawa mu faɗi ra'ayinmu. Mu haɗu a mako mai zuwa.