Ka sayar da littafinka tun bai je maɗaba'a ba

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, duk fadar da aka taɓo zancen rubutu a nan Ƙonni sai ka ji wani ya ce to, yanzu kam gwamnati za ta buga mana littattafai. Ni malamin makaranta ne. Na koyar a ƙauyukan Malbaza da na Illela kafin in dawo gida, kuma na san abin da ke ƙunshe a akwatunan abokan aikina: labarin ɗan ci-rani da ya dawo ya tarar an ɗaura wa budurwarsa aure, waƙoƙin wa'azi, tarihin kafuwar gari da aka ɗauko daga bakin wani tsoho da ya riga mu gidan gaskiya. Duk a rubuce da hannu, gara na zagaye. Gwamnatin da har yanzu take fama da azuzuwan zana ba da labarin ɗan ci-rani za ta fara ba, kuma ban ga laifinta ba. Maganata da marubutan ne.

Hanyar da muka fi sani ita ce bikin ƙaddamarwa. Marubuci ya ci bashi ya buga kwafi dubu, ya yi hayar kujeru da rumfa, ya gayyato alhaji ko ɗan siyasa a matsayin babban mai ƙaddamarwa. Sanƙira ya karɓi lasifika yana shelar cewa wane ya sayi kwafi biyar a kan kuɗi kaza, a yi tafi. Washegari sai a shiga sintiri ƙofar gidan wane, yau ya yi tafiya Yamai, gobe yana barci. Kwafin da ya karɓa kuwa suna bayan motarsa har rana ta kwaɓe musu bango. Na halarci irin wannan taro, na ga marubucin da ya kwana biyu yana gyara shafin sadaukarwa don kada a ɓata wa mai gida rai, alhali bai sake duba babi na uku ba. Abin da ke damuna a nan ya wuce kuɗin da ba a biya. Wanda ya san mutum ɗaya ne zai fanshe shi, to don mutum ɗayan nan zai yi rubutu. Roƙo ne aka sa masa babbar riga.

Ƴan'uwanmu na Kano sun taɓa shiga irin halin da muke ciki. Tun daga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, buga littafin Hausa aikin hukuma ne da manyan kamfanonin Zariya. Da tattalin arzikin Najeriya ya tsuke a shekarun 1980, kamfanonin suka karkata ga littattafan makaranta, sai matasa suka ɗauki rubutunsu suka nufi ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. A nan aka sami Talatu Wada Ahmed da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa da sauransu. Dabarunsu biyu har yau suna burge ni. Suna raba labari kashi-kashi, cinikin na ɗaya ya buga na biyu. Sannan ƙungiya irin Raina Kama ta sa kowane littafi yana tallar littattafan sauran membobi. An yi musu ba'a, an kira aikinsu adabin kasuwa, amma littattafan sun tsallako Illela ta Najeriya sun shigo ɗakunan matan Ƙonni, ana haya ana karɓeƙeniya har bango ya rabu da jiki. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba kuwa har Indiya ya kai, inda wani kamfani ya buga fassararsa ta Turanci a 2012.

Sai dai Kano gari ne na miliyoyin mutane, da dillalan littafi da ke iya kwashe bugu guda cikin mako. Mu ba mu da wannan. Wanda ya buga dubu a Ƙonni da fatan kasuwa za ta ɗauke, ɗakin matarsa zai mayar sito. Abin da ya dace da mu shi ne a juya tsarin: a nemo masu saye, a karɓi kuɗinsu, sannan a buga daidai yawansu da ɗan ƙari.

Matasa masu waya za su ce ai wannan shi ne abin da Turawa ke yi a Kickstarter. Haka ne. An buɗe shafin a Amurka a 2009, kuma a 2022 wani marubuci, Brandon Sanderson, ya tara sama da dala miliyan 41 daga masu karatunsa kafin littattafan su fito. Amma mazaunin Nijar ba ya iya buɗe neman kuɗi a can, kuma ko da zai iya, kawunka na Badagishiri ba shi da katin banki. Abu ɗaya nake so mu ɗauko daga wurinsu: a can idan kuɗin da aka ƙayyade bai cika ba zuwa ranar da aka sa, ba a cire wa kowa ko sisi. Sauran kayan aikin duk muna da su. Muna da Nita da Amana da Airtel Money. Muna da ƴan ci-rani a Abijan da Legas da Libiya, kowane gari da zaurensa na WhatsApp inda ake haɗa kuɗin rufin masallaci ko gyaran famfo. Kuma a Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tsarin asusun da ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya. Haɗa kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu, littafi ne dai ba mu saba sa shi cikin abin da ake haɗa wa kuɗi ba.

Wani abokina, malamin Faransanci, ya ce shi kunya ba za ta bar shi ya bi mutane yana neman kuɗin abin da babu shi ba. Na ce masa ya koma Risala, babin ciniki, ya duba hukuncin salam. Malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan: halal ne a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, muddin an fayyace siffar kayan da yawansu da lokacin da za a kawo. Ka gaya wa mutum littafin shafi kaza ne, a kan abu kaza yake magana, ga babin farko ka karanta, farashinsa kaza, zai shigo hannunka kafin wata kaza. Wannan ciniki ne tsakanin mutum biyu masu mutunci, babu roƙo a ciki. Amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin nan bashi ne a wuyanka har ranar da ka miƙa littafi.

Shi ya sa nake cewa kada marubuci ya riƙe kuɗin da kansa. Mu malamai mun san yadda ƙarshen wata yake, mun san yadda kuɗin amana ke narkewa idan Layya ta matso ko yaro ya kwanta zazzaɓi tsakiyar damina. Ba mugunta ba ce, rayuwa ce. A samu mutum na uku da jama'a suka yarda da shi, ɗan kasuwa mai shago ko shugabar asusun mata, shi ke karɓa, shi ke rubuta suna da lambar waya a littafin rajista, shi ke biyan maɗaba'a kai tsaye. Idan wa'adi ya cika kuɗi ba su kai ba, a mayar wa kowa nasa. Marubuci ɗaya da ya cinye kuɗin mutane ya isa ya rufe wa duk marubutan gari ƙofa shekara da shekaru.

Bari in buga misali da lissafi, ba farashin wata maɗaba'a nake faɗa ba. A ce bugun kwafi 300 ya ci jika 300, bugun kwamfuta da gyara da kuɗin mota suka ƙara jika 60. Idan ka sa kwafi a jika biyu, mutum 180 sun biya maka komai, sauran kwafi 120 ribarka ce, ka sayar a hankali ba mai bin ka bashi. To idan ka zagaya danginka da abokan aikinka da tsofaffin ɗalibanka da ƴan garinku na waje ba ka samu mutum 180 ba fa? Ka samu labarin da ya fi ƙarfin jika 360. Ko littafin bai nuna ba, ko farashin ya yi yawa, ko ba ka iya faɗin abin da ke cikinsa ba. Gara ka ji haka tun kuɗinka na aljihu.

Lokacin neman kuɗin ma abin lura ne. Wanda ya shiga Galmi ko Tsarnawa da wannan magana a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, bai san inda yake zaune ba. A bari a yi kaka, ko a cire albasa, ko ma'aikatan kamfanin siminti na Malbaza su ɗauki albashi.

Wajen bugu, yawancinmu Sakkwato za mu fara kallo, tunda ba ta kai kilomita 100 daga nan ba, Yamai kuwa ta haura 400. Amma mu ƴan bakin iyaka mun ga abin da ya ishe mu. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan 26 ga Yulin 2023 har Maris na 2024. Naira kuma yau nan, gobe can. Don haka ka yanka farashi da sefa, ka gajarta lokacin tara kuɗi, ka ƙara wa ranar alkawari wata biyu a kan abin da mai maɗaba'a ya gaya maka, ka kuma tambayi farashin Maraɗi don ka samu mafita. Kada ka yarda a kunna inji sai ka ga samfurin bugu da idonka. Haruffan nan masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sukan ɓace tsakanin kwamfutarka da tasu, shafi ya fito da ƴan akwatuna a gurbinsu. Kafin nan ma ka ba wa mutum biyu da ba sa jin kunyarka su karanta. Kamfani yana da edita, kai ba ka da shi, kuma yabon matarka ba gyara ba ne.

Talla ita ce inda muka fi yin sakaci, don muna ɗauka mai karatu irinmu ne. Manya da suka iya karatun boko a ƙasar nan ba su kai rabi ba. Littafi a wurinmu da kunne yake shiga kafin ido: yarinya ƴar kwaleji ta karanta, tsakar gida guda ta saurara. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu wanda aka haifa a Maratta nan kusa da mu, ta fahimci haka tun ƙarni na 19, shi ya sa ta ɗora waƙoƙinta a bakin jajojin ƴan taru suka kai su ƙauyuka. Ka karanta babin farko da muryarka, ka tura a waya, ka tsaya daidai inda mai sauraro zai ce sai me ya faru. Ka je gidan rediyon gari ka nemi minti goma. Ka ajiye kwafi a shagon da ke tasha, ka tsaya da kanka a kasuwar Ƙonni ranar Laraba. Ni ban ga abin kunya a nan ba, mai goro ma da bakinsa yake sayarwa.

Za a ce ai da zarar ya fito wani zai ɗauke shi hoto ya watsa a WhatsApp kyauta. Zai yi kuwa. Marubutan intanet na Kano da Kaduna kullum kukansu ke nan. Ka yi rajistar aikinka a ofishin kare haƙƙin mawallafa na BNDA, yana da kyau, amma kada ka yi tsammanin wani zai bi maka zauruka ɗaya bayan ɗaya. Kariyar da ta fi ita ce kuɗin bugu sun riga sun shigo kafin ɓarawo ya samu abin ɗauka.

Akwai gaskiyar da ba ta yi mini daɗi ba, ita ce tsarin nan ya fi sauƙi ga mai dangi da mutane a waje. Marainiyar da ta fi mu duka iya tsara labari, wadda ba ta da kowa a Abijan, za ta sha wuya kafin ta haɗa mutum 50. Kuma cikin masu biya akwai waɗanda kunya ce ta sa su, ba za su buɗe littafin ba. A nan ne nake ganin dabarar Raina Kama za ta yi mana aiki. Marubuta biyar ko shida na Ƙonni da Malbaza da Illela su haɗa rajista guda, wanda ya sayi na wannan a sanar da shi na wancan, mai mutane ya ja maras mutane. Littafi na biyu ne zai nuna wa ya saya don karatu, tunda ba a yi wa mutum kara sau biyu.

Da ni za a tambaya da wane littafi za a fara, zan ce tarihi. Abin da Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta kan Adar kafin zuwan Turawa ya fito tun 1975, da Faransanci. Ɓarnar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni a 1899, da Faransanci muke karanta ta. Sarraounia na Abdoulaye Mamani ma a Faris aka buga shi a 1980. Jikokin mutanen da abin ya faru a kansu suna nan a Illela, fadar Sarkin Adar, suna nan a unguwannin Ƙonni, akasarinsu ba su taɓa riƙe shafi ɗaya na wannan tarihi cikin harshensu ba. Fassara tana buƙatar izinin masu haƙƙin littafi, amma zama gaban tsofaffi da waya mai ɗaukar murya ba ya buƙatar izinin kowa sai nasu. Irin wannan littafi, mai sunayen garuruwa da zuri'o'in da mutane za su nemi nasu a ciki, ban yi shakkar zai haɗa mutum 180 daga ƴan ci-rani kaɗai ba.